Bugu Ɗaya a Ammariyya

Abin da na fara sani game da Jidda shi ne iskarta tana da nauyi. Da aka buɗe ƙofar jirgi sai na ji kamar an yafa mini jiƙaƙƙen tawul mai ɗumi a fuska, ga warin gishiri, ga warin mai. Jirgin alhazai na biyo, a cikin shekarun saba'in. Ni kaɗai ce yarinya a tsakiyar tsofaffi, kuma ni kaɗai ce ba ta da niyyar komawa gida bayan Arfa. Karatu ne ya kawo ni.

Na gama sakandaren 'yan mata da sakamako mai kyau, a Larabci kuwa babu wadda ta kamo ni. Burina in shiga jami'a in karanta adabin Larabawa, domin tun ina aji biyu waƙoƙinsu suka shige mini rai, har ina tashi da baiti a baki kamar wadda ta kwana da alewa. Inna ta ce ita dai 'yarta ba za ta zauna aji ɗaya da maza ba. Baba ma'aikacin jirgin ƙasa ne a Gusau, mutum ne marar son jayayya. Ana cikin haka aka tuna da Kawu Haruna, yayan Inna, wanda ya bi kakanmu zuwa Makka a ƙafa tun yana yaro, bai sake dawowa ba. Ya aiko cewa a jami'ar Jidda akwai sashen mata zalla. Inna ta yanke magana: ko can, a gaban ɗan'uwanta, ko kuwa karatu ya tsaya inda ya tsaya.

Akwai abu guda da ba a gaya wa Kawu ba, don babu wanda ya ɗauke shi abin faɗa. Ni ce golar makarantarmu. Wata malamar motsa jiki 'yar Jos ce ta kawo mana ƙwallon ƙafa, ta sa aka ɗinka mana dogayen wanduna, muna bugawa a bayan ɗakunan kwana. Ranar farko ta dube ni ta ce, "Rabi, tunda ke ba kya gudu sai kallon gajimare, je ki tsaya a raga ki kalle su da kyau." 'Yan aji suka yi ta dariya. Ashe hannuwana sun san abin da ni ban sani ba. Na so wurin nan ƙwarai. Kowa yana can yana turereniya, ni ina tsaye ni kaɗai, fili duka a gabana, ina jera kalmomi a zuci, har sai ƙwallo ya taho, sannan duniya ta tattaru ta koma abu ɗaya mai zagaye.

A filin jirgi Kawu bai zo ba. Jirginmu ya yi jinkirin kwana guda, shi kuwa ashe ya zo jiya ya wuni ya koma. Ina tsaye kusa da akwatina sai ga wani mutum cikin farar jallabiya, da Hausa mai ɗan karkacewa.

"Sannu da hanya. Ke ce baƙuwar Haruna Tela na Ammariyya?"

Daɗi ya kama ni har na durƙusa na gaishe shi. Ya ce Haruna ne ya aiko shi, in tsaya nan kada in motsa, bari ya kai kaya mota ya dawo. Ya saɓa akwatin a kafaɗa ya shige cikin jama'a. Ina kallon bayansa ne na ga abin da ya karanta. A gida Baba ya sa an rubuta da jan fenti a jikin akwatin, da manyan baƙaƙe, kamar yadda ake yi wa kayan da za a sa a jirgin ƙasa: Hannun Haruna Tela, Ammariyya.

Na tsaya har inuwa ta juya. A cikin akwatin nan akwai tufafina, da dambun naman da Inna ta kwana biyu tana yi, da kilishin tsarabar Kawu, da ƙamus ɗina, da takalman kambas da na tsare raga da su shekara uku. Takardun makaranta kaɗai suka tsira, don suna cikin jakar hannu.

Wata mata mai sayar da shayi a bakin hanya ce ta lura da ni. Bahaushiyar Sudan ce, da tsage a kumatu. Ba ta tambaye ni komai ba sai da ta miƙo mini kofi. Da na ba ta labari ta ce, "Halas, shi ke nan, ya tafi. Sha shayinki." Ta bar wa maƙwabciyarta tukunya, ta kama hannuna kamar 'yar yaye, muka shiga mota har ƙofar gidan Kawu. Ko sunanta ban tambaya ba. Har yau in na ji ƙamshin na'ana'a a shayi, ita nake gani.

*

Gidan Kawu hawa na biyu ne a wani tsohon bene a Ammariyya. Yana da taga irin ta katako mai ƙananan ramuka wadda ta turo kai waje, na ciki yana ganin titi, na titi ba ya ganinsa. Kawu dogo ne siriri, kamarsu ɗaya da Inna har ta ba ni tsoro, amma Hausarsa ta tsufa a bakinsa, takan tsaya masa a tsakiyar magana sai ya cike da Larabci. Yana ɗinkin jallabiya a wani shago a Sharafiyya. Shagon ba nasa ba ne, na kafilinsa ne, Balaraben da iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, take hannunsa. Matarsa, Khala Nafisa, haifaffiyar Jidda ce, kakanninta ne suka zo daga Katsina. 'Yarsu ɗaya, Safiyya, wadda na girme ta da 'yan shekaru. Tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take mayarwa.

Ba su wulaƙanta ni ba, kada in ɗauki alhakinsu. Khala ta ba ni riguna daga cikin nata, ta saya mini abaya. Na yi aikin Hajji tare da su. Sai dai akwai irin kaɗaicin da ke kama mutum a tsakiyar masu kyautata masa. Larabcin da nake taƙama da shi na littafi ne. Ranar da na ce a miƙo mini ruwa, Safiyya ta faɗi kan katifa tana dariya, ta ce wa uwarta, "Yumma, rediyo! Rediyo ya shigo gidanmu yana karanta labarai!" Tun daga ranar na rage magana. Nasu Larabcin kuwa gudu yake yi, yana haɗiye rabin kalma, kafin in kamo wutsiyar zance an wuce.

Aka ce sai na yi shekara ina gyara harshe wurin wata malama a Sharafiyya kafin in nemi shiga jami'a. Kullum da safe mu fita da Safiyya a lulluɓe, mu dawo da azahar. Sauran yinin nawa ne da taga.

A ƙarƙashin tagar akwai wani fili tsakanin gidaje da suke kira barha. A gefe guda akwai dogayen kujerun igiya masu tsawon ƙafa, mirkaz, inda dattawan unguwa ke zama bayan la'asar tare da umda, wato mai unguwa, suna shan shayi. A tsakiya kuwa samari ke buga ƙwallo, ba takalmi, da duwatsu a madadin raga. Ban taɓa ganin mutane masu son ƙwallo kamar mutanen garin nan ba, kuma mafi yawan gwanayen barhar 'ya'yan Hausawa ne irin su Safiyya. Nakan zauna in manna ido a ramin katako. Wani lokaci ma rufe ido nake yi, domin daga ƙarar bugu nakan san wanda ya sami ƙwallo a cibiya da wanda ya shafe shi a gefe. Golansu yana da wani hali na tsayawa a kan dunduniya, abin yana ci mini rai, har in ji ina cewa a hankali, "Ɗaga dunduniyarka, bawan Allah."

Sau ɗaya na tambayi Safiyya wane wasa suke yi a makarantarsu. Ta dube ni kamar na tambaye ta ko suna hawan raƙumi a aji.

"Wasa? Banat? Aib, ya Rabi'a."

Wato 'yan mata da wasa, abin kunya ne. Da daddare in na kwanta sai in ji tafukan hannuna suna ƙaiƙayi.

Watanni suka shige. Harshena ya fara lanƙwasuwa, malama ta ce na isa in nema. Abu biyu suka rage: yardar waliyyi, wato Kawu, da shaidar kyawun hali daga umda, tunda ni baƙuwa ce. Kawu ya ce bayan Ƙaramar Sallah zai je ya same shi.

*

Bayan Sallah da 'yan kwanaki abin ya faru. Gidan ba ɗa namiji, saboda haka mu ke kai farantin kwaɓaɓɓiyar fulawa gidan gashin burodi a ƙarshen layi. Ranar Khala ta yi kwaɓi na musamman don baƙin da za ta yi, ta ɗora wa Safiyya a ka, ta ce, "Yalla, kada ku tsaya kallo." Muka bi gefen barha, kusa da bango, kanmu a ƙasa.

Ƙarar na fara ji. Bugu ne na cibiya, mai ƙarfi, wanda ya kauce hanya. Na ɗaga ido na ga ƙwallo ya nufo farantin da fuskar Safiyya.

Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Jikina ne ya tashi. Na ji ƙwallon ya zauna a tafukana da wannan ɗumin da na yi kusan shekara ina kewa, na faɗi a kafaɗa na mirgina na miƙe. Mayafin fuskata ya zame, abaya ta yi buɗu-buɗu da ƙasa. Barha ta yi tsit.

Da a nan na tsaya, da na ajiye ƙwallon na ja mayafina na wuce, ina jin da abin bai wuce labarin kwana biyu ba. Yarinya ta kare 'yar'uwarta, shi ke nan. Amma ƙwallo yana hannuna, fili yana gabana, kuma a makaranta in gola ta kama ba ta ajiyewa. Na yi taku biyu na sake shi na ɗauke shi da ƙafa. Ya tashi sama, ya wuce kan samarin duka, ya wuce wayar lantarki, ya sauka daidai gaban duwatsun ɗaya gefen. Tsawon lokacin da ya yi a sama, wallahi ban san ina Jidda ba.

Sai ihu ya ɓarke. Samari suna tsalle suna tafi suna kiran, "Harisa! Harisa!" wato mai tsaron raga. Na waiwaya. Dattawan mirkaz duka sun juyo, kofuna a hannu, umda a tsakiyarsu. Safiyya ta ja hannuna, farantin na rawa a kanta, tana dariya tana kuka lokaci guda.

Kafin magariba labari ya kai Sharafiyya.

Kawu ya shigo bai yi sallama da ƙarfi ba kamar yadda ya saba. Ya zauna, ya sa aka kira ni. Na zo na durƙusa nesa da shi, na sunkuyar da kai, kamar yadda aka koya mini tun ina ƙarama.

"Rabi'a, shekara talatin da wani abu ina garin nan. Kin taɓa jin an ambaci sunana a barha?"

Na kafa ido a kan tabarma.

"Ba a san da ni ba. Shi ne zaman lafiyata. Baƙo a nan, in ana ganinsa, to ya kusa tafiya. Yau kafilina da kansa ya zo shago, a gaban masu ɗinki, yana tambayata wace ƙungiya ce ta sayi 'yata." Ya koma Larabci, ya dawo. "Da wace fuska zan je gaban umda in ce ya shaidi halinki? Ya riga ya shaida da idonsa."

Na ƙara sunkuyawa. Hawaye na ɗiga a kan tabarma, amma ban bari an ji sautinsu ba. A gidanmu in babba yana faɗa, ba a tanka masa, ba a kallon idonsa. Iyakar ladabin da na sani ke nan, shi na ba shi gaba ɗaya.

Khala tana tsaye a bakin ƙofa. Ta jira, ta jira, sannan ta tafa hannu.

"Shuf! Dube ta, ya Haruna. Ko kalma ɗaya. Ko a jikinta."

Kawu ya daɗe yana dubana, kamar mai jiran wani abu. Ban san me yake jira ba. Daga bisani ya miƙe ya ce, "Halas. Babu jami'a. In alhazai sun gama, ki bi jirginsu. Kafin nan ki koma Khumra wurin Habboba, unguwa ta huta da sunanki."

*

Khumra a lokacin bayan gari ce can kudu, inda kwalta ke ƙarewa. Manyan ɗakunan ajiyar kaya, garejin gyaran manyan motoci, da ɗakunan kwano da katako na leburori, sai yashi. Ana jin warin teku amma ba a ganinsa. Habboba kalmar mutanen Sudan ce, kaka ke nan. Ita ce ta riƙe Kawu lokacin da kakanmu ya rasu a hanya, ta haye teku da shi tare da nata 'ya'yan. Yanzu ta tsufa, ta rage ita kaɗai, tana dafa wa leburori wake da shinkafa a manyan tukwane.

A nan na san kaɗaici na gaske. Babu taga, babu barha, babu ko dariyar Safiyya. Da asuba in tsince wake, da rana in wanke kwanoni, da yamma in zauna a bayan ɗaki ina kallon rana tana nutsewa cikin yashi kamar garwashi a toka. Ba ni da littafi ko ɗaya. Wani mai kanti ɗan Yaman ya lura ina karanta takardar da ya naɗe mana sukari, daga ranar sai ya riƙa naɗe kayanmu da shafi biyu maimakon ɗaya, yana zaɓo wanda ke da waƙa. Bai taɓa ce mini komai ba, ni ma haka. Baitocin da na haddace kuwa awakin Habboba na riƙa karanta wa, su ne kaɗai ba su ce mini rediyo ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna. Ina ganin ranar da zan sauka a Gusau hannu wofi, babu akwati, babu karatu, ta tambaye ni me ya faru, in ce ƙwallo na buga.

Habboba ba ta tambaye ni komai ba sai da watan Zulƙida ya tsaya, alhazan farko suka fara sauka. Muna tsintar wake ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ke 'yar nan, wai da gaske ya wuce wayar lantarki?"

"Ya wuce, Habboba."

"Allah Sarki. Ni ko tsakuwa na jefa ba ta wuce akuyar can." Ta watsar da ƙwaya. "To da Haruna ya yi faɗa, me kika ce masa?"

"Ban ce komai ba."

"Komai?"

"Ai babba ne, Habboba. Ya za a yi in tanka?"

Ta ajiye faifan, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da na kawo mata ruwa.

"Kai, mutanen gida! Ke kina can kina zuba ladabi, su suna ganin taurin kai. Haruna bai kai shekara goma ba ya bar ƙasar Hausa, a bayana ya girma, a garin nan ya yi gemu. A nan in yaro ya yi laifi ya yi gum, cewa yake yi ban yi ba, ku yi abin da za ku yi. Wanda ya san ya yi laifi tashi yake yi, ya je ya kama kan babba ya sumbata, ya ce haƙƙinka yana wuyana. Abin da ya tsaya jira ke nan, sakarya."

Na zaro ido. "In taɓa kan Kawu? Yana zaune ina tsaye? Da hularsa?"

"Da hularsa."

"Habboba, a gida ko hular yayana na taɓa sai Inna ta mare ni."

"To ga Innar taki nan sai ki kira ta." Ta ɗauki faifanta. "Jirgi dai ba ya jiran mai kunya. Ko ki taɓa hula, ko ki hau."

Na kwana biyu ina juya maganar. Abin da ta ce in yi ya fi mini tsalle a barha wuya nesa ba kusa ba, domin wancan jikina ne ya yi, wannan kuwa sai na sa shi dole. Na tuna malamarmu takan yi mini tsawa in na lafe a kan layi ɗan wasa ya taho shi kaɗai: wadda ta tsaya jira an riga an ci ta, fita ake yi a tare shi. Na duba rayuwata na ga tun da na zo duniya a kan layi nake. Inna ta yanke, na jira. Mai farar jallabiya ya ce tsaya nan, na tsaya. Kawu ya ce halas, na naɗe kayana. Ni da nake cewa ina son karatun nan kamar raina, ban taɓa buɗe baki na roƙe shi da kaina ba ko sau ɗaya.

Ranar Juma'a na ce, "Habboba, ki raka ni."

Ta ce, "Da ma mayafina na kusa."

*

Wani direban babbar mota da ke cin abinci wurinta ya rage mana hanya. Muka tarar sun gama cin abincin rana, Kawu yana kishingiɗe a kan kilishi, Khala tana zuba shayi. Da ya ga Habboba ya yunƙura zai tashi, ta ce, "Zauna, ɗan nan. Ba ni ce baƙuwar ba."

Ƙafafuna suka so su durƙusa tun daga bakin ƙofa, na hana su. Na taka har inda yake. Ban taɓa ganin saman kan babban mutum daga sama ba. Hular farar saƙa ce, ta ɗan tsufa a gefe, furfura ta leƙo ta cikin ramukanta. Na sa hannu biyu na kama kan, na sunkuya na sumbace shi. Na faɗi kalmomin da Habboba ta koya mini, da Larabcin titi, ba na littafi ba. Sannan na ƙara da Hausa, "Kawu, ka yafe mini. Kuma ina roƙonka kada ka mayar da ni. Ina son karatun nan."

Na ji Khala ta ajiye buta a hankali. Kawu bai ɗago ba. Da ya yi magana muryarsa ta yi ƙasa.

"Zauna, 'yar Hauwa." Bai taɓa kirana da sunan Inna ba sai ranar. "Kin yi nadama?"

Da na ce e, da an wuce wurin. Amma na riga na fito daga raga, babu komawa.

"Kamun da na yi ban yi nadamarsa ba, Kawu, da ya fasa wa Safiyya fuska. Bugun kuwa, ba zan yi maka ƙarya ba, na ji daɗinsa. Tun da na sauka garin nan ban ji ni ce ni ba sai a lokacin. Amma ban san kai za ka biya ba. Yanzu na sani."

Khala ta ce, "Ya salam! Da ba ta magana, yanzu kuma ta ƙi tsayawa."

Habboba ta ce, "Ke Nafisa, zuba mini shayi, ki bar mutane."

Kawu ya shafa fuskarsa da hannu biyu. "In na je wurin umda, sai na ba shi magana. Ba a barha ba, ba a saman bene ba, ba a cikin ɗaki ba. Muddin kina ƙasar nan ƙafarki ba za ta sake taɓa ƙwallo ba. Kin iya?"

Na dubi tafukan hannuna. Na ce, "Na iya."

Na kuwa cika. Shekara huɗu na yi a jami'a, ina sauraron malamai maza ta akwatin talabijin a ɗakin da babu namiji ko ɗaya, na karanta waƙoƙin da na zo dominsu har na ƙoshi. Kafin in koma gida gwiwoyina sun manta, bugun nan na Ammariyya shi ne na ƙarshe a rayuwata. Ban san haka ba a ranar, amma jikina ya sani, domin da na ce na iya sai na ji wani abu ya kwanta a ƙirjina bai sake tashi ba.

Bayan la'asar Kawu ya sa sabuwar jallabiya ya sauka. Na je taga na manna ido. Na ga ya bi gefen barha, ya isa mirkaz ya yi sallama. Babu wanda ya matsa masa. Wani dattijo mai ƙiba ya ajiye kofinsa ya miƙa hannu biyu gefe, yana kwaikwayon mai tsalle, sauran suka fashe da dariya. Kawu ya dafa ƙirji ya yi dariya tare da su. Ban taɓa ganin dariya mai ciwo irin wannan ba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana bin jikin bango don kada a gan shi, ga shi tsaye a tsakiyar unguwa, kowa na kallonsa, saboda ni. Ya daɗe a tsaye, har samari suka tsayar da wasa suna leƙe. Ni kuwa ina bayan katako ina cizon mayafina.

Can sai umda ya tattara gefen rigarsa, ya ɗan gusa. Kawu ya hau ya zauna. Aka miƙo masa kofi.

Ana kiran magariba na ji takunsa a matakala, a hankali, kamar mai ɗauke da buhu. Ya shigo ya ajiye takardar shaidar umda a kan keken ɗinkin Khala, bai dube ni ba. Ya ce, "Bayan Hajji za ki fara. Ki nemi abaya mai kauri." Ya nufi wurin alwala, ya kai bakin ƙofa, sai ya tsaya, yana ba ni baya.

"Umda ya ce in tambaye ki. Sun yi ta gardama a kai. Wai da wace ƙafa kika buga?"

"Da hagu, Kawu."

Ya gyaɗa kai, ya fara naɗe hannun riga.

"Haka na gaya musu. Kakanki ma bahago ne."